Hasashen wannan mako a Haɗeja: in yafa alkama ko in jira hazo?

Manomin_Auyo (Lahadi da dare)
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu ilimin yanayi ce da tsofaffin manoman rani da ke cikinmu. Na duba hasashen Haɗeja na wannan mako a wayata. Daga Litinin zuwa Laraba rana ce fes, zafi digiri 34 zuwa 35, da asuba 17. Daga Alhamis sai ya sauka, da rana 31, da asuba 14, iska kuma ta ƙaru daga arewa maso gabas. Amma har ƙarshen mako hoton rana kawai yake nuna mini, babu alamar hazo ko kaɗan. Ga Nuwamba ta kusa ƙarewa, na gama haro, na ja fangali, iri yana ɗaki. Maƙwabcina, dattijo ne, ya ce kada in kuskura in yafa alkama sai hazon farko ya sauka, wai ƙasa tana da sauran zafin kaka. To in yafa Talata ko in jira? Sannan wannan hasashe na waya abin dogaro ne ga gari irin namu, ko na Kano suke kwafo mana?

YarBirniwa
Wa alaikumus salam. Ni ma abin da ke raina ke nan, Malam, sai dai ni ba gona ba. Ranar Asabar za a ɗaura auren ƙanwata, baƙi za su zo daga Kano da Gashuwa. Duk wanda ya san yadda ƙarshen makon zai kasance ya taimaka mana.

Baba_Kaugama
Ɗana, maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. Alkama 'yar sanyi ce. Mu da muka tashi, ba a fitar da iri sai ka ga tsofaffi sun fara hura karmami a ƙofar gida bayan sallar asuba, ruwan randa kuma ya fara cizon haƙori. Yanzu ka fita da asuba ka gani, ko mayafi ba kowa ke ɗauka ba. Ka ƙara haƙuri.

Malamin_Jogurafi
Manomin_Auyo, bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce nake da abin faɗa a kai.

Ba na Kano suke kwafowa ba. Yawancin manhajojin waya suna ɗauko lissafinsu ne daga manyan kwamfutoci na cibiyoyin hasashe na duniya, musamman na Turai da na Amurka. Waɗannan kwamfutoci suna raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13, su lissafa zafi da iska da laima na kowane gida. Saboda haka Haɗeja tana da nata lissafin daban da na Kano. Inda matsalar take shi ne lissafi yana bukatar awo na zahiri da za a ciyar da shi, tashoshin awo kuma a yankinmu na Sahel ba su da yawa. Tsofaffin tashoshin NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da ke kusa da mu su ne irin na Nguru da Kano. Don haka ka yarda da wayarka a kan alkibla: in ta ce za a ƙara sanyi daga Alhamis, to akwai dalili. Amma 14 ɗin nan kada ka riƙe shi gam, yana iya zama 13 ko 16. Kwana 3 na farko su ne masu ƙarfi, abin da ya wuce mako guda kuwa sai a hankali.

Batun hoton rana, ga sirrinsa: girgije manhajar take dubawa, ba ƙura ba. In babu girgije sai ta zana maka rana, ko da kuwa ba ka iya hango bishiyar da ke ƙarshen gonarka. Alamar hazo tana cikin abin da ka karanto mana da kanka. Iska ta ƙaru daga arewa maso gabas, zafin rana ya faɗi da digiri 3 ko 4 a lokaci guda. Me zai rage zafin rana haka a ranar da babu girgije? Busasshiyar iskar hamada ce ta shigo, kuma galibi da ƙurarta take zuwa. Ni a karatuna, Alhamis ɗin nan ita ce ranar da za a sa wa ido.

Manomin_Auyo
Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi ban taɓa lura da haka ba. To a ina mutum zai ga hasashen ƙurar kanta?

Malamin_Jogurafi
NiMet tana fitar da hasashen kwana 3, gidajen rediyo ma suna karantawa. Ka saurari inda suke faɗin nisan gani. In sun ce kilomita 2 zuwa 5, hazo ne matsakaici. In sun ce mita 1,000 ko ƙasa da haka, to shi ne mai kauri wanda ke hana jirage sauka a Kano. Akwai kuma wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya da ke ƙarƙashin hukumar yanayi ta duniya, aikinta hasashen ƙura ne kawai na arewacin Afirka da kewaye, tana sa taswira a intanet kullum.

MalaminGona_MM (Litinin)
Da girmamawa ga Baba_Kaugama, ni ina ganin jiran hazo shi ne ke jawo wa manoma da yawa asara. Hazo ba shi da ranar zuwa. Wata shekara ya sauka tun farkon Nuwamba, wata shekara sai Disamba ta raba. Ita kuwa alkama kalandarta ba ta jira. Shawarar masu bincike a wannan yanki namu ita ce a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, kuma na farko-farko ya fi. Dalili: irin da muke nomawa wata 3 ne da 'yan kwanaki. Wanda ya yafa yanzu, alkamarsa za ta yi 'ya'ya a gindi cikin sanyin Disamba, ta fitar da kai a Janairu, ta cika ido a Fabrairu kafin zafi ya juyo. Wanda ya kai ƙarshen Disamba, cikar idonsa za ta faɗa cikin zafin Maris, ƙwayar ta motse, ka ga zangarniya tsaye kyakkyawa amma buhu ba nauyi. Abin tsoro zafin ƙarshe ne, ba na farko ba. Asuba 17 ba za ta hana tsiro ba. Ka yafa.

Baba_Kaugama
Malamin gona, na ji ka, kuma zancen zafin Maris gaskiya ne, na ga abin da yake yi. Amma ka taɓa ganin alkamar da ta fito cikin zafi? Kara ɗaya take miƙewa, siririya, ba ta yin gindi. Wadda ta fito cikin sanyi kuwa sai ka ƙirga 'ya'ya biyar, shida a gindi guda. Ni ban ce ya kai ƙarshen Disamba ba. Kwana huɗu ko biyar nake nufi.

MalaminGona_MM
Baba, a nan muna tare, zafi yana rage 'ya'ya. Sai dai ba ranar da aka yafa take yin 'ya'yan ba, sai ta yi mako 3 ko kusa da haka. Wanda ya yafa Talatar nan, lokacin 'ya'yansa tsakiyar Disamba ne, sanyi ya riga ya zauna.

Alhaji_MaiInjinCasa
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren shinkafa, tunda ana ta yanka. Masu shanya, don Allah ku kula da makon nan. In iskar nan ta juya, shinkafar da ke bukatar yini biyu a rana yini ɗaya ya ishe ta. Mutum ya baza ta a kan tamfol ya tafi kasuwa, ya dawo da la'asar ta bushe ƙayau har ta tsattsage a cikin ɓawonta. Ba za ka gane ba sai ta shiga inji, ta fito rabi duk gutsattsari, sannan a ce injin Alhaji ne ba kyau. Ku riƙa juya ta, ku ɗauki ƙwaya ku ciza. In ta karye da ƙara ƙas, ku tattara ku kai inuwa. Masu tattasai su ne makon zai yi wa daɗi, amma su ma su rufe da dare saboda ƙura.

Ummu_Hanifa
Ni duk wannan lissafin digiri ban iya ba, amma ƙirjin ɗana yana gaya mini kafin waya. Yana da asma. Tun daren Asabar ya fara wannan tarin na can ciki, hancin 'yar ƙaramar kuma ya fara bushewa har da ɗan haɓo jiya. Na fito da rigunan sanyi na wanke, na sayi man kaɗe. Tambayata, akwai abin da zan yi masa kafin hazon ya sauka, ko sai ya tashi mu nufi asibiti?

Nas_Asabe
Sannu Ummu_Hanifa, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki jira ya tashi. Yau ɗin nan ki duba abin shaƙarsa, ki girgiza ki ji ko da saura, ki duba ranar lalacewarsa. In likita ya rubuta masa na kullum, wato na kariya, kada ya tsallake ko da yana jin garau. Ki sanar da malaminsa a makaranta, a ɗauke masa sharar aji da ta fili a kwanakin nan. Shara a gida ma a yayyafa ruwa tukuna. Ya sa takunkumi in zai fita da safe. Ki daina turaren wuta a ɗakin da yake kwana, na san da wuya amma hayaƙin yana tayar masa. In kika ga yana numfashi haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko kin ba shi abin shaƙa bai sassauta ba, to ko tsakar dare ne ku taho. Ita ƙaramar, ki shafa mata ɗan basilin a bakin hanci, ta riƙa shan ruwa. In haɓon ya zo, ta sunkuyar da kai gaba ki matse mata hancin minti 10, kada ki ɗaga kanta sama.

Abu_Sumayya
Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke cewa Alhamis kaza za ta faru, Asabar kaza. Gobe ta Allah ce. Ba shiga gaibu ba ne wannan?

Baba_Kaugama
Ai ko kafin waya malamanmu suna da lissafi. Taurari 28 ne a shekara, kowanne kwana 13, ɗaya ne kawai ke da 14. Da su ake sanin shigar damina da fitarta, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, haka ma na ɗari. Mahaifina ba ya fitar da iri sai ya aika an tambayo liman wane tauraro ake ciki.

Ustaz_KafinHausa
Abu_Sumayya, Allah ya ƙara mana tsoronsa, tambayarka a kan hanya take. Abin da aka hana shi ne mutum ya jingina wa tauraro ko na'ura ikon saukar da abu. Hadisin Zaidu ɗan Khalid na ranar Hudaibiyya a kan haka yake: wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda ya ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa ya kauce. Amma duba alamomin da Allah ya saba gudanar da halittarsa a kansu, ka ce bisa al'ada in iska ta taso daga can tana isowa nan bayan kwana kaza, wannan ba duba ba ne. Manomi ma in ya ga hadari ya haɗu a gabas yana kwashe shanya, ba wanda ya ce ya yi da'awar gaibu. Lissafin da Baba ya ambata, in an ɗauke shi a matsayin kalandar sanin lokaci, malamai da yawa ba su ga laifinsa ba. A dai riƙa cewa in sha Allahu, kuma a faɗe shi har zuci.

Abu_Sumayya
Na gamsu, Allah gafarta Malam.

DalibiDutse
Malamin_Jogurafi, ni abin da ban gane ba, daga ina wannan ƙurar take fitowa da har ba ta ƙarewa? Kuma me ya sa fara ce, ba ja irin ta ƙasarmu ba?

Malamin_Jogurafi
Mafi yawan wadda ke zuwa mana daga arewacin Chadi take, wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya ninka na yanzu sau da yawa, wannan kwarin ƙasan tafkin ne. Da ruwan ya janye sai ya bar farar laka busasshiya, wadda asalinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Shi ya sa take fara, mara nauyi, iska kaɗan ta ɗaga ta. Ga kuma duwatsun Tibesti ta arewa, na Ennedi ta gabas. Iskar da ta taso daga hamadar Libiya da Masar sai ta matsu a tsakaninsu ta ƙara gudu, kamar yadda iska ke fin ƙarfi a lungu tsakanin katanga biyu, ta fito ta afka wa kwarin kai tsaye. Masana sun ƙiyasta kusan kwana 100 a shekara ƙura ke tashi a wurin. In ta tashi, kwana 1 zuwa 2 ta iso mana, ta bi ta kan Diffa da Yobe kafin nan, sannan Kano. Shi ya sa masu hasashe ke sa ido a kan rahoton Faya da na Bilma ta ƙasar Nijar. Da damina iskar teku mai laima ce ke danne ta. Yanzu iskar tekun ta ja da baya zuwa kudu, ƙofa a buɗe take.

Direba_Gujungu (Talata)
YarBirniwa, 'yar'uwa, ga shawarar mai hanya. Ki gaya wa baƙinki kada su ce za su yi sammakon asuba daga Kano don su riski ɗaurin aure. Su taho Juma'a bayan an sauko daga masallaci su kwana, ko su bari gari ya waye sosai ranar Asabar. Hazo shi kaɗai da sauƙi. Abin da ke kashe mutane shi ne ya haɗu da hayaƙin masu ƙone tattakar shinkafa a bakin titi, ga amalanke ba fitila, ga babbar mota ta lalace an sa mata ganye a baya. Tsakanin Gujungu da Malam Madori na sha cin burki a kan garken shanu da ban hango ba sai da na zo gab da su. Direba ya kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo maka da hasken ne a ido. Ranar Alhamis kuma kasuwar Maigatari ce, motocin dabbobi za su cika hanya har wayewar Juma'a.

YarBirniwa
Na gode Yaya, yanzu zan tura wa ƙanin babanmu, shi ne jagoran 'yan Kano. Mu ma mun fasa yin kamu a fili da dare, za a yi da la'asar a cikin gida.

Masunci_Guri
Ku na tudu kuna maganar 17, mu a bakin ruwa mun riga ku shiga sanyi. Da asuba in na tura kwalekwale hannu ƙagewa yake a kan gora. Kuma akwai farin abin da ke kwanciya a kan ruwa kafin rana ta fito, wannan ba ƙura ba ne, tururi ne, rana na ɗagowa yake watsewa. Kifi ya fara sauka ƙasa, kamu ya ragu. Agwagin nan baƙi masu zuwa daga Turai sun fara cika wajen Baturiya, su ma alama ce a wurinmu.

Manomin_Auyo, ka gode wa Allah kana da zaɓi. Mu nan gonakinmu da yawa har yanzu ruwa bai gama janyewa ba, inda ya janye kuma ciyawar kacala ta cinye. Ko mun so yafawa yau ba hali.

Hajiya_Talatu
Tunda an zo maganar sanyi, don girman Allah a ja kunnen mata da tsofaffi a kan kaskon gawayi. A unguwarmu wata tsohuwa ta shiga da shi ɗaki ta rufe ƙofa da taga, ita da jikokinta biyu. Allah ya sa surukarta ta leƙa kafin ta kwanta, ta tarar yaran sun yi laushi, tsohuwar tana ta amai. Da ƙyar aka samo kansu. Gawayin bai ƙone komai ba, ko zanin gado bai taɓa ba.

Nas_Asabe
Hajiya, Allah ya biya ki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take ƙara wa mutum. A ji ɗumi a waje ko a zaure, a kashe kafin a kwanta. Haka janareto, kada a shigar da shi cikin gida don gudun ɓarayi. Ga gobara kuma, yanzu komai ya bushe, zana da dangar kara tartsatsi ɗaya suke jira.

DalibiDutse
Anti Nas, gaskiya ne hazo ne ke kawo sanƙarau?

Nas_Asabe
Ba ƙurar ce ke ɗauke da shi ba, ƙanena. Ƙwayar cuta ce da ke bi daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da cunkoson ɗaki. Abin da busasshiyar iska da ƙura ke yi shi ne su raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Shi ya sa lokacinsa ke farawa da rani, ya fi tsanani wajen Maris da Afrilu, ya lafa in ruwa ya sauka. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar. In an zo rigakafi a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa, ba a kwana da su a gida.

Baba_Kaugama
Ni dai hunturun yanzu ba ya kama ƙafar na da. Shekarun fari, bayan 1973 da kuma wajen 1984, sai a yi kwana da kwanaki ba a ga ƙwayar rana ba. Ka kwanta ka tashi gashin idonka fari.

Malamin_Jogurafi
Baba, awon masana ya goyi bayanka a kan wannan. Shekarun farin nan ƙura ta ƙaru sosai a duk Sahel, saboda ciyawa ta mutu ƙasa ta zama tsirara.

Ɗan_Diffa (Laraba da safe)
Ina kwananku 'yan'uwa na Haɗeja. Ni ɗan kasuwa ne a nan Diffa, ina karanta ku tun shekaranjiya. Na ce bari in ba ku labari: tun jiya da hantsi iska ta juya mana, yau mun tashi gari ya yi fari fat. Daga ƙofar shagona ba na hango ƙarshen layi. Na yi waya da yaronmu a Ngigmi, ya ce nasu ya fi namu kauri. Ku shirya, tana tafe.

Malamin_Jogurafi
Mun gode, Alhaji. Wannan rahoton ya fi mini duk taswirar da zan duba. In ta riƙe ƙarfinta, daren yau ko safiyar gobe za mu gan ta. Tana kuma iya bajewa a hanya ta iso mana sama-sama.

MalaminGona_MM
To Manomin_Auyo, ga wani dalili da ban kawo ba ranar Litinin. In iskar nan ta iso, yafi zai yi maka wuya. Iskar hunturu tana kwanciya da dare, ta tashi da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa azahar ta fi ƙarfi. Ka watsa iri a lokacin, sai ta kwashe shi ta tara a gefe guda na fangali, nan ya yi cunkus, can ya zama fili. In ba ka yafa jiya ba, yau da yamma ko gobe da sassafe kafin ta farka.

Baba_Kaugama
Ka ga ai maganata ta fito. Da ya yafa Talata da ya riga sanyi. Yanzu ga shi ya zo da kansa.

Manomin_Auyo (Alhamis)
Jama'a, barkanmu da hazo. Ya sauka cikin dare amma ba mai kauri ba, ina hango bishiyoyin bakin kanal daga gona, sai dai rana ta fito ja ba ƙarfi. Wayata har yanzu hoton rana take nunawa. Jiya bayan la'asar na yafa ɓangaren da ke kusa da ruwa, na rufe, na ba shi ruwan farko. Ɓangaren tudu na bar shi sai Asabar ko Lahadi, ba don na zaɓi maganar wani a kan ta wani ba, man injin da nake da shi bai isa in shayar da duka a yini ɗaya ba. Maƙwabcina shi ma yau ya fito da nasa irin. Zan riƙa kawo muku labarin yadda ɓangarorin biyu za su yi 'ya'ya.

Ummu_Hanifa
Mu dai mun kwana lafiya, alhamdu lillahi. Ya yi tari wajen ƙarfe 3 amma abin shaƙar ya kwantar masa. Yau ban tura shi makaranta ba.

Ɗan_Diffa
Nan ya ƙara kauri yau, ba sassauci. Ina jin wanda kuka gani somin-taɓi ne.

YarBirniwa
Innalillahi. Ke nan Asabar ɗin fa? Malamin_Jogurafi, me ka gani?

Malamin_Jogurafi
'Yar'uwa, in na Diffa bai lafa ba yau, to Juma'a da Asabar za su fi yau duhu a nan, in sha Allahu ba abin da zai hana taro. Ki bi shawarar Direba_Gujungu, su taho gobe da rana. A tanadar wa tsofaffin cikinsu barguna, ɗakin da ba a saba kwana a ciki ba ya fi sanyi.

MalaminGona_MM
Manomin_Auyo, ka lura da ruwa na biyu. Kada sanyin ya ruɗe ka ka ce ƙasa ba ta sha ba, wannan iskar tana busar da saman fangali fiye da ranar Litinin mai digiri 35. In saman ya yi ɓawo tsiron zai sha wuya kafin ya huda. Ka tona da yatsa ranar Lahadi ka gani.

Baba_Kaugama
A'a, kada ya yi saurin ƙara ruwa. Ƙasar Auyo laka ce, tana riƙewa. Ya cika mata ruwa cikin sanyin nan irin ya ruɓe. Ɗana, ɓangaren da ka yafa, baƙar laka ce ko jigawa-jigawa?